Sunaye Ukun da Na Faɗa a Bakin Iyakar Gana

Mu biyar ne a ɗakin nan ranar. Da ni, Hadiza, wadda mutanen Paki suke kira Iya Dije. Da jikata Uwani, ɗalibar kwalejin lafiya a Makarfi. Da Hajiya Asabe, 'yar kasuwa mutuniyar zangon Akra, wadda ban taɓa gani ba sai a cikin mota. Da wata jami'ar iyaka, doguwa, mai kaki a goge, fuskarta ba fara'a; sunanta na rubuce a ƙirjinta, amma ni rubutu bai taɓa yi mini magana ba. Na biyar ɗan sanda ne a bakin ƙofa. Tun shigarmu mukullai dai yake ta juyawa a yatsa.

Ni ban yi boko ba. Da baki nake faɗa, Uwani tana bugawa a waya, kuma na ja mata kunne: inda na tsallake suna, ita ma ta tsallake.

Uwani ba shi ne sunanta na yanka ba. Ranar suna ubanta ya sa mata sunan uwar mijina, ni kuwa sunan surukata ban taɓa kiransa ba, tana raye ko bayan ta koma ga Allah. Uban nata ɗan farina ne. Tun da na haife shi sunansa bai fito daga bakina ba, "wancan" nake cewa, ko "uban Uwani". Kakanta kuma shi ne mijina, Malam, Allah ya jiƙansa. Uwata Bafulatana ce 'yar Furana, a hannunta na tashi, kuma a gidanmu gara a ga mace ba ɗankwali da a ji ta kira ɗan farinta. Ku riƙe wannan, domin a kansa aka so raba ni da yarinyar nan.

Abin ya faro ne da wani hutu. Ta dawo daga Makarfi ta ce ta ƙara wani karatu a kan nata, wai wata makaranta a Gana tana koyar da yadda ake adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kuma a waya ake yi. Na ce makaranta ba ƙofa, ba allo, ba bulala? Ta ce haka zamani ya zo. A gidanmu sabis ba ya kamawa sai bayan rumbu, can take kifa turmi ta zauna, ta jingina wayar da ƙwarya. Wani lokaci ƙawarta Bilkisu takan zo tun daga Likoro su yi tare. Ni kuma in ɗauko gyaɗata in zauna bayansu ina ɓara, ina kallo. Fuskoki ne a jere cikin gilashi, kowace kamar kwalin ashana, maza da mata. Babbar cikinsu ita ce malamar, Madam Efuwa, mai wushirya.

Nakan ce, "Ja hijabinki, ƙattin nan na kallonki."

"Iya, lacca suke saurare. Ke ma ba sa ganinki."

"In ba sa ganina, don me waccan mai wushiryar ta ɗago mini hannu?"

Sai su fashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ina jin rediyo. Na ji labarin 'yan matan da ake yaudara da sunan karatu ko aiki a waje, a tsallaka da su, iyayensu su yi ta jiran waya har su gaji. Mutumin da ban ga sawunsa a ƙasa ba, ban san yadda zan yarda da shi ba. Saboda haka ranar da aka ce waɗanda suka ci su je Akra da ƙafarsu a yi musu jarrabawar ƙarshe, na ce ba inda za ta. Uban Bilkisu ya hana tasa. Wancan kuwa ya ce tasa za ta je, shi dai ba zai iya barin masara a gona ba ga kaka ta kawo kai. Na aika masa da cewa in haka ne ni zan kai ta. Da hannuna zan kai ta, da hannuna zan dawo da ita.

Legas ce ta fara razana ni. Mutane kamar an fasa gidan tururuwa, kowa na gudu, ba mai sallama. Muna sauka na kama gefen hijabin Uwani na naɗe a hannuna sau biyu.

Ta ce, "Haba Iya, akuya ce ni?"

"Akuya ta fi ki. Ita ta san hanyar gida."

Ita dai kanta na kan waya. Waya ce ke gaya mata inda tasha take, waya ce ke gaya mata wace mota. Fasfo ɗinmu na cikin lalitata a ƙugu, wannan na sani. Na tambaye ta takardar da makarantar ta aiko.

"Tana cikin imel."

"Shi imel ɗin yana ina?"

Ta nuna sama da yatsa.

Na ce, "Sauko da ita. A buga miki a takarda in sa a lalita."

"Iya, an daina wannan. Ko ina na je, dannawa ɗaya zan yi ta fito."

Ita ce mai ilimi. Amma hankalina bai kwanta ba.

Muna ƙetare iyaka ta farko wayar ta kurumce. Harshen mutane ma ya canza, turancin da Uwani take taƙama da shi ya zama ba ya sayen ko ruwa. A tashar Kwatano, inda muka canza mota, wani mutum mai farar jallabiya ya yi mana sallama da Hausa tsantsa. Wallahi sai da na ji sanyi a raina, don tun Legas kunnena bai ji "sannunku da hanya" ba. Ya tambayi garinmu, Uwani ta ce Paki ta ƙasar Ikara.

"Allahu akbar! Ai gida ne. Mahaifiyata 'yar Kudan ce."

Na ce, "Wace unguwa?"

"Nan kusa da kasuwa, Baba."

Kowa ma kusa da kasuwa yake. Na kuma lura ba fuskarmu yake kallo ba, hannun yarinyar yake kallo. Ya ce yana da layi mai aiki a kowace ƙasa, ɗalibai duk wurinsa suke saya. Na taka mata ƙafa. Ta ce, "Iya, in ba layi ba za mu san inda za mu ba." Ta miƙa masa. Ya soka tsinke, ya zaro wani abu da bai kai farcen ɗan yatsana ba, ya mayar da wani, ya ƙunshe tsohon a takarda ya ba ta. Ya ce sai mota ta fita gari zai kama. Da na ga ya dawo mata da wayar, sai na ce ashe zargina ne ya yi yawa. Ni waya nake gadi. Ban san ɗan abin nan shi ne ran wayar ba.

Daga nan hanya ta bi gefen teku. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba. Yana tasowa fari fat yana dukan ƙasa yana komawa, ba ya hutawa, titi kuma ga shi dab da shi. Na juya fuskata ina salati. Na tuna rafinmu da yara ke tsallakewa da rani, na tuna tumakina, ko an ba su dusa, na tuna ƙamshin daddawa a madafina. Da muka tsaya salla a Lome ban san gabas ba. Rana ma kamar ba tamu ba.

A nan ne na ga fuskar Uwani ta sauya. Ta kashe wayar ta kunna, ta kashe ta kunna. Ta warware ƙunshin nan, sai ga guntun roba, ba komai a jikinsa.

"Iya," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "ya tafi da layina."

Matar da ke kusa da ni a mota, mai jiki, mai haƙorin Makka, ta leƙo. Ita ce Hajiya Asabe. Hausarta duk namiji ce, mace ma "kai" take ce mata, kuma "Mma" take kirana. Ta ce kada yarinyar ta damu, za ta jona mata intanet daga tata wayar. Ta jona. Uwani ta je buɗe imel, sai abin ya ce ya ga ta canza ƙasa, ya aika wata lamba zuwa tsohon layinta, sai ta sa lambar zai buɗe. Ta gwada shafin makarantar, nan ma haka. Ta yi mini bayani sau biyu. Abin da na fahimta shi ne, ɗakin da ta zuba duk karatunta ya kulle, mukullin kuma na aljihun mai jallabiya.

Ban yi mata faɗa ba. Na ga leɓenta na rawa. Hajiya ta ɓare goro ta ba ni rabi, ta ce, "Mma, ka ci, Allah na nan." Na karɓa, na ƙara naɗe hijabin a hannuna.

Iyaka ta ƙarshe da ƙafa ake ƙetarawa. Ga 'yan dako, ga masu canji, ga masu jan mutum ta kowane gefe. Na riƙe yarinyar tamau, ina janta, idonta ya yi ja don kuka. Ashe abin da jami'ar nan ta hango ke nan: tsohuwa ta ɗaure budurwa a hannu, budurwar na hawaye. Ta ɗaga mana yatsa. Aka karɓi fasfo ɗinmu, aka shigar da mu wani ɗaki mai tebur ɗaya da fanka da ba ta juyawa. Direba na ihu zai tafi, Hajiya ta ce masa ya tafi da kayanta in ya isa, ta biyo mu don ta yi mana tafinta. Allah ya saka wa matar nan.

Jami'ar ta yi wa Uwani tambayoyi da turanci, Uwani na amsawa tana nuna wayar. Jami'ar ta miƙa hannu, alamar a nuna mata takarda. Babu. Ta yi magana mai tsawo, Hajiya ta juya mini. Wai ta sha ganin irinmu. Tsohuwa ta zo da yarinya ta ce jikarta ce, yarinyar ta haddace labarin makarantar intanet, takardar kullum tana cikin wayar da ta lalace. Wai wasu ta bar su sun wuce, kuma har yau tana ganin fuskokinsu. In ba ta gamsu ba, za a miƙa yarinyar ga masu kula da irin waɗannan yara, ni kuma ɗan sandan nan ya san inda zai kai ni.

Abin da nake tsoro tun daga bayan rumbu, shi aka ɗauko aka ɗora a kaina. Ni ce mai satar 'ya'yan mutane.

Jami'ar ta zo da kanta ta warware hijabin daga hannuna. Aka fita da Uwani zuwa ɗakin da ke gefe. Tana waiwaye tana cewa, "Iya! Iya!" Aka rufe ƙofa. Tafin hannuna ya zama wayam, har shatin ƙyallen na nan a jiki.

Jami'ar ta zauna, ta buɗe fasfon Uwani, ta kare shi da hannu.

Hajiya ta ce, "Wai mene ne sunan yarinyar?"

Na ce, "Uwani."

Jami'ar ta duba, ta girgiza kai.

"Wai ba shi ke nan ba. Sunan da ke takarda."

Na yi shiru.

"To, wai sunan ubansa."

Na ce, "Wancan ne. Ɗana ne. Yana Paki, yana girbin masara."

"Sunansa, Mma."

Na dubi ƙasa. Jami'ar ta buɗe nawa fasfon, ta ga sunana da na mahaifina, ba abin da ya haɗa su da na yarinyar. Ta ce sunan kakan fa, mijin da na ce nawa ne? Nan ma na dubi ƙasa. Ina ji ta saki wani dogon numfashi, irin na wanda ya samu abin da yake nema.

Hajiya ta dafa ni. "Mma, ka san sunayen ko ba ka sani ba?"

Na ce, "Ni na haife shi. Ta yaya ba zan sani ba? Ɗan fari ne."

Ta buɗe baki, ta riƙe haɓa. "Wayyo! Kunya! Kakata ma haka yake yi." Ta juya ta yi ta zuba wa jami'ar turanci, da hannu da ka. Jami'ar ta saurara har ƙarshe, ta ba da amsa a taƙaice. Wai an taɓa ce mata tsufa, an ce mata mantuwa, an ce mata ciwon kunne. Yau kuma kunya.

Sai na bi ta inda matanmu ke bi in ta kama dole. Na ce, "Gaya mata, yarinyar sunan mahaifiyar Annabi Isa gare ta. Ubanta sunan annabin da kifi ya haɗiye. Kakanta sunan annabin da ya sassaƙa jirgi."

Fuskar Hajiya ta washe, ta buɗe baki za ta faɗa. Jami'ar ta buga tebur. Ta ce ita ba ta jin Hausa, ba ta san abin da muke ƙullawa ba. Hajiya mota ɗaya muka shigo, ta iya ganin fasfon a hannun direba tun iyakar baya. Suna ba ya bukatar tafinta. Daga bakina take son ji, duka ukun, a jere.

Ban ga laifinta ba, ko a lokacin. Da ni ce a kujerar nan, da abin da zan yi ke nan, har ma fiye.

Amma harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ku da kuka tashi kuna kiran kowa gatsal ba za ku gane ba. Shekara da shekaru, in mai talla ya zo da irin sunan nan sai in ce "mai sunan Malam". In ana karatun annabawa a rediyo, aka zo kan mai kifi, sai in sami abin yi a madafi. Ranar da aka raɗa wa wancan suna ina ƙuryar ɗaki na rufe kai, ko a ranar ban maimaita ba. Na ji kamar uwata na tsaye a bayana, da surukata, da Malam, duk suna jira su ji ko zan yi.

A waje aka tayar da wata mota. Ban san ko tamu ba ce, ko wadda za a sa yarinyar. Ɗan sandan ya daina juya mukullansa, ya riƙe su cak. Ta bango na ji Uwani, ba kira take yi ba yanzu, wani ɗan sauti take yi kamar lokacin da tana goye zazzaɓi ya kama ta. Na tuna saƙon da na aika wa ubanta. Na ga kaina na sauka a Paki ni kaɗai, hannu wayam, yana tsaye a bakin zaure yana duban bayana.

Na ja mayafi na rufe fuskata. Na juya na fuskanci bango. Na ce a raina, ku yafe mini.

Na faɗi na surukata. Ya fito kamar raɗa.

Hajiya ta ce, "Wai ka ɗaga murya."

Na sake faɗa. Sai na zo kan na tsakiya, na wancan. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na haɗiyi yawu, na sake. Da ya fito, ban gane muryata ba. Ashe haka yake a baki. Ashe suna ne mai taushi. Sai na gan shi, ba magidancin nan mai furfura a gemu ba, jaririn da na riƙa shayarwa ina kau da kai don kada a ce ina kallonsa. Ban san lokacin da na Malam ya biyo baya ba. Na durƙushe a wurin, mayafina ya jiƙe.

Na ji an ja kujera. Jami'ar ce ta zagayo, ta tsuguna, ta miƙo mini ruwa a leda. Ba ta yi murmushi ba, ni ma ban yi ba. Ta yi magana a hankali.

Hajiya ta ce, tana share ido, "Wai daidai ne, duka ukun. Wai ka sassauta riƙon da kake yi wa yarinyar a hanya. Kuma wai a buga takardar nan a takarda."

Na ce, "Gaya mata wannan na ƙarshen tun Legas na faɗa."

Aka buɗe ƙofa, Uwani ta faɗo jikina. Ashe bangon ba kauri, ta ji komai. Muna fita, tana sheshsheƙa, ta ce, "Iya, ashe kin san sunan Baba."

"Rufe mini baki. Kuma in na ji wannan magana a Paki, sai na yanke miki harshe."

Direban bai tafi ba, kayan Hajiya sun fi ƙarfin ya gudu da su. A hanya Uwani ta tuna ta haddace lambar Bilkisu. Ta kira ta da wayar Hajiya. Bilkisu, daga can Likoro, ta rubuta a guruf ɗin ajinsu, kafin mu shiga Akra malamar ta kira. Hajiya ta ce ba za mu kwana a masauki ba tana da ɗaki, ta kai mu gidanta a zango. Unguwa ce mai lunguna, ga kiran salla, ga yara na zagin juna da Hausa. Na sami gabas.

Dab da magariba aka yi sallama da turanci. Wata 'yar gajeriyar mata ce ta shigo da jaka a kafaɗa. Ta yi dariya, na ga wushiryar, ashe Madam Efuwa ce. A gilashi na ɗauka doguwa ce. Na kama hannunta na riƙe, na juya shi, na duba ƙafarta, da ƙura a takalminta kamar kowa. Ta ce wa Uwani kada ta damu, gobe a makaranta za a buɗe mata shafinta ta zauna jarrabawa. Sai ta nuna ni tana wata magana.

Hajiya ta ce, "Wai ya san ka. Wai kai ne kakan da ke zama a baya yana ɓarar gyaɗa."

Na juya na dubi Uwani. "Ba na gaya miki suna ganina ba?"

Kowa ya yi dariya, ni dai hankalina na wani wuri. Hanyar da muka biyo ita za mu koma, iyakokin nan suna nan suna jiranmu, kuma kowace da mai kakinta. Na yi sau ɗaya. Ban ga yadda zan sake ba.

Washegari bayan asuba na ji mai talla a lungu tana cewa koko da ƙosai, da sunansu na gida. Na fita na saya, na raba wa mabarata a ƙofar masallaci, sadaka ga biyun da suka rigaye mu, da neman tsari ga na ukun. Na dawo na tarar Uwani na sa hijabi. Na kwance bakin zanina, na fito da 'yar ƙaramar wayata mai tocila, wadda ban san komai a jikinta ba sai kore da ja.

Na ce, "Wannan tana ɗaukar murya?"

"Tana ɗauka."

"Zuba mata sunayen nan uku, a jere, da muryarki."

"Iya, ba za su yarda ba. Daga bakinki suke so."

"Sai mu gani. Waya ce ta jawo mana, waya za ta faɗa. Ita ba ta da kunya."

Na fita tsakar gida na toshe kunnuwana har ta gama. Ta kama yatsana ta ɗora a kan maɓallin, ta ce nan, sai nan, sai na tsakiya. Na yi ta maimaitawa wayar na kife a cinyata, murya a ƙasa, har yatsan ya riƙe hanya da kansa. Na ƙulle ta a bakin zani, na sa takalmi. Hannuna ya kai gefen hijabinta, sai na janye. Na ce ta wuce gaba, kuma kafin mu shiga makarantar nan, ta nuna mini inda ake buga takarda.